Ƙanena zai yi zangon karatu ɗaya a Mongoliya, har da zama a rugar makiyaya. Me ya kamata mu sani?

Maman Hanif, Unguwar Dosa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanena yana aji uku a jami'a, yana karantar kiwon dabbobi, kuma ya samu gurbi a wani shirin musayar ɗalibai na zango ɗaya a ƙasar Mongoliya. Yadda takardar ta nuna, ba zaman aji kaɗai ba ne. Za su yi makonni a babban birnin ƙasar suna koyon harshe da tarihi, sannan a fita da su yawon larduna, a ajiye kowane ɗalibi a gidan makiyaya ya zauna da su, a ƙarshe ya rubuta binciken kansa. An ba shi zaɓi: ko ya tafi a Satumba ya dawo Disamba, ko ya tafi a farkon shekara ya dawo wajen Yuni.

Mahaifiyarmu ta ce ba za ta sa albarka ba sai ta ji bayani gamsasshe, ni kuma aka ɗora wa nauyin nemo shi. Wane zango ya fi? Yaya maganar biza, tunda ban taɓa jin ofishin jakadancinsu a Abuja ba? Sanyin da ake faɗa, ɗan Kaduna zai iya da shi? Sai babbar damuwarmu, abinci da salla. Don Allah wanda ya san abin ya warware mana dalla-dalla. Allah ya saka da alheri.

Malam na Tudun Wada:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri. Kafin a zo maganar sanyi, a fara da takardun gida, domin nan ne ɗalibai suka fi yin asara.

Ya karɓo cikakken bayanin kowane kwas da zai yi a can: sunansa, abin da ke ciki mako-mako, awannin karatu, da yadda ake ba da maki. Ya kai wa shugaban sashensu, a zauna a daidaita kowane kwas na can da takwaransa na nan, a rubuta, a sa hannu da hatimi, takardar ta bi ta ofishin shugaban tsangaya har majalisar jami'a ta amince. Duk wannan kafin ya sayi tikiti. Alkawarin baki ba ya aiki a nan, domin shugaban sashe na iya sauyawa kafin ya dawo, wanda ya gaje shi kuma takarda zai nema. Idan ba a amince da makin can ba, to ya nemi izinin jingine zangon a rubuce, in ba haka ba za a rubuta masa rashin halarta a duk kwasakwasan, makinsa ya zube. Ya duba kuma ko tafiyar za ta ci karo da watannin koyon aiki na SIWES, domin masu karatun noma da kiwo ba a yafe musu shi, kuma jinkirinsa yana ja har hidimar ƙasa.

Biza kuwa, gaskiyarki, ba su da ofishin jakadanci a Najeriya. Na nahiyarmu yana Alƙahira. Tsarin bizar ɗalibi shi ne makarantar da ta gayyace shi ita ce ke nema masa izini daga hukumar shige da fice ta Mongoliya, sai izinin ya fito sannan a san inda zai karɓi bizar. Saboda haka ya tambaye su a rubuce: a ina zan karɓa, kuma wace takarda zan nuna wa kamfanin jirgi a Abuja? Ma'aikatan jirgi ba za su bar shi ya hau ba idan babu shaida a hannunsa, ko da izinin yana cikin kwamfutar can. Kada ya yarda da dillalin da zai ce ya shiga da bizar yawon buɗe ido a gyara daga baya. Fasfonsa ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa, ya riƙe katin allurar shawara. Ranar da ya sauka ya je ofishin ɗaliban waje da fasfo a yi masa rajista da neman katin zama, domin wa'adin kwanaki ne ƙalilan kuma akwai tara.

Hanya mafi sauƙi: jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, jirgin Turkish Airlines zuwa Istanbul, daga nan wani kai tsaye zuwa Ulanbatar, babban birnin ƙasar. Tikitin ya zama guda ɗaya tun daga Abuja har can. Idan aka yanka shi biyu don neman sauƙi, sai ya fita ya karɓi kaya a tsakiyar hanya, wannan kuma yana buƙatar bizar ƙasar da ya yada zango. Filin jirgin Chinggis Khaan, wanda aka buɗe a 2021, yana da nisan kusan kilomita 50 daga gari, don haka a tsara wanda zai tarbe shi. Agogonsu yana gaban namu da awa 7: idan kun idar da sallar Azahar a Kaduna, shi yana shirin kwanciya.

Kuɗinsu tugrik ne, ba a samunsa a wurin 'yan canjinmu. Ya tafi da dala sababbi, marasa yagewa ko rubutu, ya canza a banki. Kada ya dogara da katin naira. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne irin na Turai, namu mai ƙafa uku ba ya shiga.

Zango kuwa, ni Satumba nake ba da shawara. Shekarar karatunsu tana farawa 1 ga Satumba, lokacin sanyi bai kankama ba, hanyoyi na biyuwa, dabbobi sun ƙoshi, madara ta wadata. Jikinsa zai saba da sanyin a hankali har zuwa Disamba. Wanda ya sauka a ƙarshen Janairu kuwa, daga hunturun Kaduna zai faɗa cikin digiri 30 ƙasa da sifili a dare ɗaya.

Baban Ummi, Kawo:

Malam ya gama da takardu. Hajiya, bari in ɗauki zaman ruga da abinci, tunda nan ne hankalin Inna yake.

Ƙasar ta fi Najeriya girma da fiye da rabi, murabba'in kilomita miliyan 1.56, amma mutanenta kusan miliyan 3.5 ne, ba su kai na jihar Kaduna ba, kuma kusan rabinsu suna Ulanbatar. Wato idan an ajiye shi a ruga, maƙwabci na iya zama tafiyar rabin awa a kan doki.

Ɗakin makiyayan sunansa ger. Zagayayye ne kamar bukka, bangonsa saƙar sanduna ce mai naɗewa, an lulluɓe shi da kirɓaɓɓen ulun tumaki. A tsakiyar rufin akwai zagayen katako mai suna toono, inda haske ke shiga kuma bututun hayaƙi ke fita, ginshiƙai biyu na tallafe da shi, murhun ƙarfe na tsakaninsu da ƙofa. Ƙofar kullum kudu take kallo. Ya riƙe wannan da kyau, domin daga Ulanbatar alƙibla yamma take, kusan sak. Mu da muka saba cewa "fuskanci gabas", nan ne kuskure ke shiga. Idan ya shiga ger, yamma tana hannunsa na hagu, kuma ɓangaren hagun shi ne wurin maza da baƙi. Dama wurin uwargida ne da tukwanenta. Ƙuryar ɗaki ta arewa ita ce wurin girma, inda suke ajiye hotunan iyali da kayan ibadarsu, ba a zama can sai maigida ya nuna.

Ba a ƙwanƙwasa ƙofa. Daga nesa ake cewa "Nokhoi khor", wato a riƙe kare, kuma ba al'ada ce kawai ba, karnukan manya ne masu gadin garke. Kada ya sauko daga mota sai wani ya fito. Ba a taka dokin ƙofa, ba a jingina da ginshiƙan, ba a bi ta tsakaninsu ko miƙa abu ta nan. Ba a yin fito da baki a cikin ɗaki, ba a jefa shara a wuta, ba a miƙe ƙafa ana nuna murhu ko ƙurya. Duk abin da aka miƙo masa ya karɓa da hannun dama, hagu na tallafe da gwiwar hannun, hannun riga a sauke. Wannan ba zai yi wa Bahaushe wuya ba. Idan ya taka ƙafar wani bisa kuskure, ya yi maza ya kama hannunsa. Kada ya taɓa hular kowa. Gaisuwa ita ce "Sain baina uu", godiya "Bayarlalaa", ban haƙuri "Uuchlaarai". Suna da "ta" na girmamawa da "chi" na tsara, kamar yadda muke ce wa babba "ku". Wanda ya girme shi ya haɗa sunansa da "akh" idan namiji ne, "egch" idan mace ce, daidai da Yaya. Kuma kamar a rugar Fulani, ana tambayar lafiyar dabbobi kafin a shiga magana. Rubutunsu da baƙaƙen Rashanci ne, guda 35. Ya haddace su tun a gida, mako biyu sun isa, domin da su zai karanta allon mota da takardar jikin abinci.

Yanzu nama. Yankan gargajiyar Mongol ba a wuya ake yi ba. Ana kwantar da tunkiya a bayanta, a tsaga ƙasan ƙirji kaɗan, a zura hannu a tsinke babbar jijiyar jini, jinin ya taru a ciki don kada ya zuba a ƙasa. Ga Musulmi wannan naman bai halatta ba, kuma nama yana cikin kusan komai: buuz, wato ƙullin fulawa mai nama da ake turarawa, khuushuur da ake soyawa, taliyar tsuivan, har cincin ɗinsu na boortsog wani lokaci da kitse ake soya shi. Cire tsokar daga kwano ba ya warware matsalar.

Mafita uku ce. Ta farko, ya rubuta wa masu shirin tun yanzu cewa shi Musulmi ne, ya roƙi a ajiye shi a gidan 'yan ƙabilar Kazak. Kazak Musulmi ne, su ne mafi rinjaye a lardin Bayan-Olgii can yamma, fiye da kilomita 1,600 daga babban birni, kuma akwai su a Nalaikh kusa da Ulanbatar, inda suke da masallaci. Musulmi kusan kashi 3 cikin 100 ne na ƙasar. Sai dai Kazak suna cin naman doki sosai, mu kuma Malikawa muna da magana a kansa, don haka ya tambayi malaminsa kafin ya tafi, ya kuma riƙa tambayar naman mene ne. Ta biyu, idan gidan Mongol ne, a shirya da maigida ta bakin tafinta ya sayi tunkiya ya yanka da kansa, a tara jinin a kwano don mutunta al'adarsu. Daga Nuwamba waje ya zama firiza, tunkiya ɗaya za ta kai shi ƙarshen zama. Ya tafi da tukunyarsa ƙarama. Ta uku, ya rayu a kan abin da suke kira farin abinci: tarag, wanda kindirmo ne, da aaruul, busasshen cuku mai tauri, da orom, kaurin saman madara, da shayin madara mai gishiri. Wannan ya fi yiwuwa a Satumba, shi ya sa na goyi bayan Malam. Ya koyi cewa "Bi makh iddeggui", ba na cin nama.

Abin sha guda biyu ya kiyaye. Airag nonon goɗiya ne da aka bari ya yi tsami a salka, yana da giya kaɗan a ciki, kusan kashi 2 cikin 100, kuma a kaka kowane gida na miƙa wa baƙo. Akwai kuma giyar da suke tacewa daga madara, fara kamar ruwa. Ture kwano da hannu cin fuska ne. Ya karɓa da ladabi, ya ce "Uuchlaarai, bi arkhi uudaggui", ya mayar. Idan tafinta ya yi wa maigida bayani tun ranar farko, magana ta ƙare. Haka idan mota ta tsaya a ovoo, tarin duwatsun da suke kewayawa sau uku a kan tudu, ya tsaya gefe cikin natsuwa, kada ya hau kai, kada ya ɗauki komai.

Ruwa abu ne mai tsada a ruga, daga rijiya ko kogi ake ɗaukowa, da sanyi kuma ƙanƙara ake narkarwa. Ya koyi alwala da kofi ɗaya, ya sake bitar hukuncin taimama da shafa a kan huffi. Butarsa ta kwana a cikin ɗaki kusa da murhu, in ta kwana waje dutse za ta zama. Ba a wanka ko wanki a cikin kogi, ana ɗiba ne a koma gefe. Ya sa manhajar lokutan salla wadda ke aiki ba intanet, domin a Disamba rana awa 8 da 'yan mintoci kawai take yi, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kusa-kusa.

Tsaraba ga masu gida: dabino, hula zanna, ƙaramar jakar fata, alawa ga yara, da hotunan iyalinku da na shanunmu. Makiyayi zai daɗe yana kallon hoton farar saniya mai tozo da dogon ƙaho. Kilishi kuwa kada ya ɗauka, ana ƙwace nama a iyaka. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa ya ɗaure su da kyau ya bayyana wa kwastan.

Dakta, Barnawa:

Hajiya, tambayar farko kafin komai: mene ne rukunin jininsa? Idan yana da sikila, tsananin sanyi da bushewar jiki da tsayin ƙasar, wanda a Ulanbatar ya kai mita 1,300, duk suna tayar da ciwon, kuma ruga na nesa da asibiti. Wannan sai da yardar likitansa. Mai asma ma haka, domin da sanyi unguwannin ger da suka kewaye birnin suna ƙona kwal, hayaƙin ya kwanta a kwarin da garin yake ciki. An hana ƙona ɗanyen kwal a 2019 aka koma curarren kwal, amma iskar Disamba da Janairu har yanzu mai nauyi ce. Ya tanadi takunkumin N95, na tsumma ba ya tace wannan hayaƙin.

Abin da aka fi mantawa shi ne maleriya. Babu ita a Mongoliya, don haka likitan can ba ita zai fara zargi ba. Sauron Kaduna na iya cizonsa daren tafiya, zazzaɓin ya fito bayan mako biyu ko uku yana tsakiyar daji. Ya yi gwaji kafin ya tashi, ya tafi da kayan gwajin gaggawa biyu ko uku da cikakken maganin maleriya zubi ɗaya, a kwalinsu, da takardar likita da Turanci. Duk zazzaɓin da ya zo a watannin farko, ya gaya wa likita daga inda ya fito. Magunguna masu sa maye irin su tramadol da kodin kada su shiga jakarsa.

Sutura hawa uku ake yi. Na jikin fata ya zama ulu ko yadin roba mai tsane gumi, ba auduga ba, domin auduga tana riƙe gumi ta huce a jiki, daga nan sanyi ke kama mutum. Na tsakiya suwaita mai kauri, na waje babbar riga mai tare iska. Takalmi ya ɗara ƙafarsa da lamba ɗaya don safa biyu su shiga ba matsi, matsattsen takalmi yana hana jini gudu. Manyan kayan ya bari sai ya isa ya saya a kasuwar Narantuul, sun fi rigunan gwanjon Kasuwar Barci dacewa da wannan sanyin, amma ya je da ɗan gari kuma ya kula da aljihunsa. Hula mai rufe kunne da safar hannu dole ne.

Idan yatsa ko kunne ko kan hanci ya yi fari ya daina jin taɓi, sanyi ya fara cinsa. Kada a murza, kada a kara a wuta, domin wurin ba ya jin zafi, sai ya ƙone bai sani ba. A sa a ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39, har launi ya dawo, sannan a nemi asibiti. Idan ya farka da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a ɗakin da ake hura kwal, ya fita waje nan take ya tashi kowa, iskar gubar kwal ba ta da wari. Ba a toshe bututun murhu don a adana zafi.

Madara sai an tafasa, saboda bakkale, cutar da ke sa dabba ɓari kuma take kama mutum, wadda ɗalibin kiwo ya san ta, tana nan a garkunansu, kuma ana ɗaukarta wajen karɓar haihuwar dabba da hannu tsirara. Akwai wata dabbar rami mai kama da ƙaton kurege, tarbaga, da suke farauta. Kada ya ci, kada ya taɓa ko gawarta, tana ɗauke da annobar da ƙuma ke yaɗawa, a 2019 ma wasu ma'aurata sun mutu a Bayan-Olgii bayan sun ci ɗanyen namanta. Ya yi allurar haukan kare kafin tafiya. In kare ya cije shi, wanki da sabulu na minti 15, sannan asibiti ko da ya yi allurar. Man kaɗanya babban gwangwani, don iskar ta fi hunturunmu busar da fata, da ƙwayar bitamin D, domin baƙar fata ba ta samun isasshe daga raunanniyar ranar can. Inshorarsa a karanta a ga ta ƙunshi ɗauko mara lafiya daga daji da kuma faɗuwa daga doki. Lambar motar asibiti 103, 'yan sanda 102.

Maman Hanif, Unguwar Dosa:

Allah ya biya ku da Aljanna. Dakta, AA ne, alhamdu lillahi, kuma ba shi da asma. Na karanta wa Inna duka, ta ce a tambaya mata: in yana ruga za mu riƙa jin muryarsa? Shi kuma yana tambaya ko akwai abin da zai bincika a can wanda zai amfane shi a nan gida.

Ɗan Shika:

Anti, a gaya wa Inna akwai waya amma ba kullum ba. Ƙasar ta kasu larduna 21, kowane lardi da gundumomi da ake kira sum, kuma a hedikwatar sum ana samun sabis. A ruga sai an hau tudu, wani wurin ma babu. Ya sayi layi biyu na kamfani daban-daban, kamar Mobicom da Unitel, ya tambayi maigida wanne ke kamawa a kwarinsu. Sanyi na kashe batir cikin mintoci, don haka waya ta zauna a aljihun ciki. Yawancin gidaje suna da faifan sola da batir, amma na fitila da talabijin ɗinsu ne, ya je da nasa abin cajin. Ku yanka rana ɗaya a mako ta kira, ku karɓi lambar jami'in shirin, kuma ku sani shirun kwana huɗu ko biyar ba alamar matsala ba ce.

A kan zango, ina girmama ra'ayin Malam, amma ga ɗalibin kiwo akwai abin dubawa a ɗaya ɓangaren. Daga Maris zuwa Mayu ne ake haihuwar tumaki da awaki, ana shigo da jariran cikin ger kusa da murhu don kada su daskare, kuma a lokacin ake taje lallausan gashin awaki na kashmiya, wanda shi ne babban kuɗin shigar makiyayi a shekara. A nan ne ake ganin garken da ya fita daga sanyi da wanda bai fita ba. Farashin wannan ilimi shi ne guguwar ƙura, ramammun dabbobi, ƙarancin madara, kaska a dazukan arewa, ga shi a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa wajen Fabrairu da Maris, kusa da bikin sabuwar shekararsu na Tsagaan Sar, lokacin da kowane gida ke cika baƙo da buuz. Idan wannan ce fitarsa ta farko daga ƙasa, Satumba ta fi masa sauƙi. A kaka zai ga tara ciyawa, tatsar goɗiya, ƙaura zuwa mazaunin sanyi, da babban yankan ƙarshen Nuwamba da ake ajiye naman dukan hunturu.

Batun bincike kuwa, ƙofa a buɗe take. Suna kiwon dabbobi iri biyar: doki, shanu har da yak mai dogon gashi, raƙumi mai tozo biyu, tumaki da awaki, kuma a 'yan shekarun nan adadinsu ya taɓa haura miliyan 70. Zamanin gurguzu garkunan na ƙungiyoyin gwamnati ne. Bayan sauyin 1990 aka raba su ga iyalai, amma tsarin mulkin 1992 ya hana mallakar filin kiwo, ya bar shi na ƙasa. Dabba ta mutum, ciyawa ta kowa: garke ya yi ta ƙaruwa, musamman awaki saboda kashmiya, fili ya yi ta ƙwaƙulewa. Sai dzud, wato bazarar fari da mugun hunturu ya biyo bayanta, dabba ta shiga sanyi ba kitse, ƙanƙara ta rufe ciyawa. Na 2023 zuwa 2024 ya kashe fiye da dabbobi miliyan 7. Iyalin da garkensa ya ƙare yakan naɗe ger ɗinsa ya kafa a gefen Ulanbatar, shi ne tushen unguwannin hayaƙin da Dakta ya ambata.

Ya ɗauki tambaya ɗaya ƙarama ya gwada ta da gida. Misali, yadda ake raba wurin kiwo da rijiya a sum guda, a gwada da makiyayar Ladduga ta Kachia. Ko harajin kan dabba da suka dawo da shi a 2021, a gwada da tarihin jangali. Ko karatun 'ya'yan makiyaya: su ɗakin kwana suke gina wa yaran a hedikwatar sum, mu kuma muna da hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989, hedikwatarta ma a nan Kaduna take. Kafin ya tafi ya leƙa can da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ya tattara bayanan gida, don ya san abin da zai tambaya. Makonnin binciken ba sa isa a zagaya ƙasa, gida 10 zuwa 15 a kwari ɗaya sun fi amfani, kuma kuɗin tafinta da man mota su shiga lissafi tun farko. Kada ya buɗe hira da "dabbobinka nawa?", kamar dai yadda ba a yi wa Bafulatani wannan tambayar. Ya fara da ruwan bana da ciyawa, adadin zai fito da kansa ko ya same shi a ofishin sum, inda ake ƙidayar dabbobi kowace Disamba.

Baban Ummi, Kawo:

Ƙari ɗaya a kan abin da Ɗan Shika ya faɗa, tunda za a sa shi kora garke. Dokinsu gajere ne amma ba shi da sanyin hali, kuma rabin rayuwarsa a sake yake. Ta hagu ake zuwa masa, ta hagu ake hawa da sauka, ba a bi ta bayansa. Tsinin ƙafa kawai ake sawa a likkafa, domin mummunan rauni yana zuwa ne idan mutum ya faɗi ƙafarsa ta maƙale doki ya ja shi. Kada ya cire riga ko ya buɗe leda yana kan doki, ƙarar na firgita shi. Sirdinsu na katako ne mai tudu gaba da baya, wanda bai saba ba ya nemi na fata irin na Rasha, ya fara da awa ɗaya a rana. Ya ce wa maigida a fili bai iya ba, a ba shi tsohon doki mai haƙuri, yaron gida ya riƙe masa linzami kwana biyun farko.